Gatarin aradu: Abin da ke ƙarƙashin gonakin Hunkuyi tun kafin zuwan sarakuna

Da yawa cikin manoman ƙasar Zazzau sun san wani ɗan dutse baƙi ko kore-kore, mai sulɓi kamar an shafa masa mai, wanda garma kan tono lokacin huɗa ko ruwan farkon damina ya bankaɗo a bakin kwari. Gefensa guda a wase yake kamar bakin gizago, ɗaya gefen kuma a dunƙule. Sunansa gatarin aradu. Abin da aka gada daga kakanni shi ne, tsawa ce ke jefo shi daga sama, ya nutse cikin ƙasa, sai bayan shekaru ya taso. Shi ya sa masu magani ke ajiye shi, wasu kuma ke tsoron yin rantsuwar ƙarya a kansa.

Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan fassara ba. Yarbawa na jingina irin dutsen ga Sango, mutanen ƙauyukan Turai ma sun shafe ƙarnoni suna ɗaukar sa dutsen tsawa, suna sa shi a rufin ɗaki don kariya. Amma hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa shi. Wani ne ya zauna ya fasa dutse mai tauri, ya goga shi a kan fā da yashi da ruwa har ya yi baki, ya ɗaura shi a ƙota, ya sare itace da shi ya buɗe gona, a lokacin da babu maƙeri a ƙasar.

Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, da maƙwabtanta Makarfi da Ikara, an fi sanin su da rake da tumatir da masara. In an zo batun tarihi kuwa, akan fara ne daga sarautar Zazzau, daga Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, sai jihadi, sai zuwan Turawa. Duk wannan bai wuce 'yan ƙarnoni ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙasar ya ninka haka sau da yawa, kuma yadda ake karanta shi ya shafi tambayar da ta fi kowace tayar da jijiyar wuya a siyasar Jihar Kaduna: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo.

Ma'aunin da aka aro daga Turai

Rabe-raben da ake koyarwa a makaranta, wato zamanin dutse, zamanin tagulla, zamanin ƙarfe, wani ma'aikacin gidan tarihi ne a birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, Christian Thomsen, ya tsara shi, aka buga a 1836. Yana neman hanyar jera kayan da ke hannunsa ne, kuma tsarin ya dace da Turai. Daga baya masana suka ƙara wani mataki a tsakani, lokacin da mutane suka fara narka jan ƙarfe amma yawancin kayan aikinsu na dutse ne.

Indiya ce misali mafi bayyana na wannan mataki. A can an samu ƙauyukan manoma irin na Ahar a Rajastan da na Jorwe da Inamgaon a Maharashtira, waɗanda ke da gatura da awarwaro na jan ƙarfe, wasunsu kuma suna yanka da ƙananan wuƙaƙen dutse. Dalili a fili yake: akwai ma'adinin jan ƙarfe a duwatsun Rajastan, musamman yankin Khetri. Inda ƙasa ta ba da jan ƙarfe, mutane suka fara da shi, domin ya fi baƙin ƙarfe sauƙin narkewa.

A mafi yawan Afirka kudu da Sahara ba a bi wannan tsani ba. Daga dutse aka tsallaka zuwa baƙin ƙarfe kai tsaye. Marubutan zamanin mulkin mallaka sun ɗauki hakan a matsayin shaidar ci-baya, ko kuma hujjar cewa wasu baƙi ne suka kawo sana'ar a shirye. Bayanin da ya fi kusa da hankali yana cikin ƙasar kanta. Tama tana ko'ina a cikin marmara, daga Zazzau har Katsina. Kuza ma akwai ta a Jos da Riruwai, inda aka daɗe ana narka ta kafin Turawa. Jan ƙarfe ne ya yi ƙaranci, kuma ba a haɗa tagulla sai da shi. Wanda ba shi da gero ba a tuhumar sa da rashin iya fura.

Lokacin da Sahara ke da kada

Labarin mutanen wannan yanki ya faro ne daga arewa, a lokacin da hamada ba hamada ba ce. A shekarar 2000 wani Ba'amurke mai neman ƙasusuwan dabbobin dā, Paul Sereno, ya ci karo da wata makabarta a Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar. An ƙirga kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Rukuni biyu ne na mutane suka zauna wurin: na farko daga wajen shekara 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu kamun kifi da mashin ƙashi, na biyu daga wajen 5200 zuwa 2500. Tare da su an tono ƙasusuwan kada da dorina da manyan kifaye. A wani kabari an samu mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe.

A nan gida kuwa, a 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya taɓo wani katako. Da masanan Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Jamus suka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da gatarin dutse aka fafe shi, ɗan'uwan wanda ake cewa tsawa ta jefo.

Da ruwa ya ja baya, Sahara ta bushe, makiyaya da manoma suka yi ta gangarowa kudu a hankali, tsara bayan tsara. Zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa, wanda aka fara rubutawa a kai cikin shekarun 1950, na daga cikin alamun rayuwar kiwo ta dā a ƙasar Hausa. Mutanen nan sun zo da abin da har gobe shi ne ginshiƙin tukunya: gero. Shaidar noman sa da aka samu a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ta kai wajen shekara 2500 kafin Miladiyya.

A nan ne Indiya ta sake shigowa labarin ta wata ƙofa da ba a zata ba. Geron da aka horar a yammacin Afirka ya isa yammacin Indiya tun kafin shekara 1500 kafin Miladiyya, kuma dawa da wake ma daga Afirka suka je can. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman gero a duniya, suna kiran sa bajra. Matashin da ya tashi da finafinan Indiya a Kano ko Zariya, yana ganin komai daga can yake zuwa, zai so ya san cewa hatsin da ke ciyar da talakan Rajastan irin sa daga wannan ɓangare na duniya ya fita.

Jan ƙarfen Agadas

In akwai inda za a ce an yi zamanin jan ƙarfe kusa da ƙasar Hausa, to yankin Agadas ne. Wani Bafaranshe, Danilo Grébénart, ya yi tono a can cikin shekarun 1970 zuwa 1980, ya ce ya gano matakai biyu. Na farko ya kai shi har wajen shekara 2000 kafin Miladiyya. Sai dai da wasu masana, ciki har da David Killick, suka sake duba samfuran a 1988, sun nuna cewa da dama daga abin da aka ɗauka murhun narka ƙarfe ne, kututturan itatuwa ne da suka ƙone a cikin ƙasa. Mataki na biyu, na cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin Miladiyya, shi ne ya tsaya da ƙafarsa: a wurare irin Afunfun an samu murahu na gaske da ƙananan kayan jan ƙarfe.

Wannan gardama na da amfani ga mai karatu, domin tana nuna yadda ake sanin shekarun abu. Duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan mutuwarsa, rabinsa na ɓacewa duk bayan shekara 5730. In aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, sai a ƙiyasta lokacin da ya mutu. Matsalar ita ce gwajin na faɗin ranar da itacen ya mutu ne kawai. A hamada kuwa busasshen itace kan yi ɗaruruwan shekaru a yashe kafin wani ya tsince shi ya hura wuta. Irin wannan shakku ne ya dabaibaye tsoffin shekarun da aka bai wa ƙarfen Termit a gabashin Nijar. Don haka duk wanda ya ga an wallafa a Facebook cewa Afirka ce ta fara narka ƙarfe a duniya, ko kuma akasin haka, ya tambaya: me aka auna, kuma a ina aka same shi?

Jan ƙarfen Agadas bai tsaya a can ba. Da Ibn Battuta ya sauka Takedda a 1353, garin da masana ke dangantawa da kufan Azelik, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanda-sanda ana ciniki da shi a matsayin kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Borno. A ƙasar Hausa jan ƙarfe kayan fatauci ne da ado da alamar mulki, kamar yadda kayan da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina suka nuna. Fartanya da gatari kuwa, da baƙin ƙarfe aka yi su.

Nok, da abin da aka tono a Samaru

Kudu da Zariya, cikin wannan jiha ta Kaduna, akwai ƙauyen Nok a ƙasar Ham. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a can. Ba a gane muhimmancinsa ba sai a 1943, lokacin da aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka, Bernard Fagg, wani kan daga Jama'a, wanda aka ce an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakaninsu, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Tonon da ya yi a Taruga cikin shekarun 1960 ya fito da murahun narka tama na wajen shekara 500 zuwa 400 kafin Miladiyya.

Aikin da Jami'ar Goethe ta Farankfot ta fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, da haɗin gwiwar hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ya sake fasalin labarin. Ya nuna cewa mutanen Nok sun bayyana tun wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, a matsayin manoman gero da wake masu amfani da kayan dutse. Mutum-mutumin yumɓu ya biyo baya, wajen shekara 900, ƙarfe kuma ya zo bayan haka. Ko da ƙarfen ya zo ba su yar da gatarin dutse ba, sun ci gaba da haɗa su biyun. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano ɓurɓushin kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka gwada, abin da ke nufin sun san shan zuma, ko dafa wani abu da ita, tun shekara 3500 da suka wuce.

Geron da suka noma ɗan arewa ne, don haka masana da dama ke ganin manoman Nok na farko daga arewa suka gangaro. In haka ne, filayen da ke tsakanin Kano da Zariya, inda Hunkuyi da Makarfi suke, na kan hanyar da iri da mutane suka bi.

Shaidar da ta fi kusa da Hunkuyi tana Samaru. Cikin shekarun 1970, John Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka tono murahun narka tama a yammacin Samaru, gwaji ya kai su cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. A ɗaya ɓangaren, gawayin wani murhu a Dutsen Dala na Kano ya ba da ƙarni na 7. Lissafin da aka saba yi daga littafin tarihin sarakunan Kano ya sa Bagauda a shekara ta 999. Ke nan an fi shekara 300 ana zuga wuta a Dala kafin sarkin farko da jerin sarakuna ya sani. Littafin da kansa bai ɓoye wannan ba, tunda ya fara ne da Barbushe da mutanen da aka tarar.

Aikin narka tama ba ƙaramin abu ba ne. Sai an haƙo tama an farfasa, an ƙona gawayi mai yawa daga itace mai tauri irin ƙirya, an gina murhun yumɓu, an yi ta zuga shi sa'o'i masu yawa. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai haɗe da datti, sai maƙeri ya yi ta bugu kafin ya zama ƙarfe. Dattin da ya rage, wato kashin tama, ba ya ruɓewa. Shi ne baƙaƙen dunƙule masu nauyi da ramuka da ake gani a wasu gonaki da tsoffin kufai. Duk inda ya taru, an taɓa yin masana'anta a wurin, da masu sare itace, da masu noma abincin ma'aikata, da masu sayen fartanya. Wannan tattalin arziki ne ya riga ganuwar Kufena da Turunku, shi ne kuma ya sa gina su ya yiwu.

Tsingaro ba ya faɗin ƙabila

Tun 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙalubalanci ɗaukar labarin Bayajida a matsayin mafarin komai. A ganinsa ƙasashen Hausa sun tsiro ne daga ciki, daga gida zuwa ƙauye, zuwa gari, zuwa birni, sau da yawa a gindin duwatsu masu ruwa da tama da tsaro. Yusufu Bala Usman ya ɗora a kan wannan a nazarinsa na Katsina, ya kuma shafe rayuwarsa yana gargaɗi kan mayar da tarihi rigimar ƙabilu. Abin da aka tono daga ƙasa ya fi goyon bayan su fiye da masu neman asalin kowa a Bagadaza ko Yaman.

Amma akwai tarko a ɗaya gefen ma. A muhawarar intanet ta 'yan shekarun nan, wasu na riƙe Nok a matsayin takardar mallakar ƙasa, wasu na riƙe Dala da Kufena, kowa na cewa kakansa ne ya fara sauka. Gatarin dutse ba ya ɗauke da sunan yare. Tsingaro na iya nuna yadda aka yi wa tukunya ado da abin da aka dafa a ciki, ba ya nuna ko mai ita ta kira kanta Bahaushiya ko Bagwariya ko 'yar Ham, sunayen da ba lallai ne ma a ce akwai su a lokacin ba. Sunan Nok kansa na ƙauyen da aka fara tsintar kayan ne, kuma an samu irin su a fili mai faɗin gaske da ya ratsa jihohi da dama. Tsakanin manomin Nok na farko da mai kaɗa ƙuri'a na yau akwai tsara fiye da ɗari, cike da ƙaura da auratayya da sauya harshe da bauta da yaƙi.

Indiya ta riga Nijeriya faɗawa wannan rami. Tun da aka bayyana biranen Harappa da Mohenjo-daro cikin shekarun 1920, ake jayayya kan ko su wane ne magadansu. Da aka wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar wata mace daga kufan Rakhigarhi a 2019, ɓangarorin siyasa masu gaba da juna kowanne ya fito ya ce shi aka gaskata. Takarda guda ce, amma kowa ya karanta abin da ya zo da shi a zuciya.

Abin da ke salwanta

Yayin da ake wannan cacar baki, kayan da ake magana a kansu suna ƙarewa. Cikin shekarun 1990 an yi wa yankin Nok wawaso, haka ma Kwatarkwashi a Zamfara, inda aka tono mutum-mutumin yumɓun da dillalan Turai ke sayarwa da sunan Sakkwato da Katsina. Talakan da ya haƙa ya karɓi abin cefane, kayan suka ƙare a gidajen gwanjo na Faris da Burasal. Asarar ba ta tsaya ga tafiyar kayan ba. Da zarar an zare abu daga inda ya kwanta, an raba shi da gawayi da tsingaro da ƙasar da za su faɗi shekarunsa, ya zama ado kawai.

A arewacin jihar ɓarnar ta fi zuwa a shiru. Tarakta na baje kufai, masu fasa dutse na cin gindin tsauni, ana ɗibar ƙasar tsohuwar ganuwa a yi bulo, kashin tama kuma a cike rami da shi. Yawancin tonon da aka yi a ƙasar Zazzau ya taru ne kusa da jami'a da duwatsun Kufena da Turunku, alhali tsoffin garuruwa irin Likoro da Kudan na nan a bakin hanya, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga sashen nazarin kufai na Samaru. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, amma doka ba ta gadin gona. Ga kuma tsarar da ta yi firamare da ƙaramar sakandare bayan 2009, lokacin da aka cire tarihi daga manhaja, ba a sanar da maido shi a hukumance ba sai a 2022. 

Akwai wani lissafi da ya kusa cika. A shekarar 2000 Faransa ta baje wasu mutum-mutumi na yumɓu daga Nijeriya a gidan tarihi na Louvre, cikin guda uku da ta saya daga hannun dillali, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, duk da cewa an fitar da irin su ne ba bisa doka ba. Bayan surutu ya yi yawa, aka ƙulla yarjejeniya a 2002: Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin zai ƙare a 2027, shekarar babban zaɓe.